Sabon maganin dajin fata: a duba mana tafin ƙafa tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini don in yi magana a kan wani labari da ke yawo a wayoyin mutane, wai Turawa sun gano maganin ciwon daji wanda ba kemo ba ne, ba gashi da na'ura ba ne, garkuwar jikin mutum kawai yake tayarwa ta cinye cutar. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, a ɗakin 'yan tiyata na yi yawancin aikina, kuma har yau da na ajiye aiki mutanen unguwa ba su daina kirana wankin ciwo ba. Shi ya sa duk wanda saƙon ya shigo wayarsa sai ya turo mini yana tambaya, "Malam, da gaske ne?" Da gaske ne. Sai dai an datse labarin daidai wurin da ya fi shafarmu.

Ciwon da aka fara samun nasarar magungunan nan a kansa shi ne wanda likitoci ke kira melanoma, wato dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke ba fata launinta. Idan an kama ta da wuri, wuƙar likita ta isa. Idan kuwa ta bazu ta kai hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa, kemo bai cika yi mata komai ba. Kafin 2011, wanda tasa ta kai wannan matsayi watanni shida zuwa tara ake lissafa masa, sai wanda Allah ya yi wa nisan kwana. Amma likitoci sun daɗe da lura cewa jefi-jefi jikin wani majiyyaci kan tashi ya yaƙi wannan daji da kansa har ƙarin ya motse. Wannan ne ya sa masu bincike suka nace a kansa.

Ga yadda abin yake. Sojojin jiki da ke yawo a jininmu Allah ya yi musu birki, don kada garin yaƙar cuta su zarce su afka wa jikin da suke tsaro. Shi kuma daji ya gano inda birkin yake, sai ya ɗora ƙafa ya danne, sojojin su zo har bakin ƙarin su tsaya cak. Wani Ba'amurke, James Allison, ya nuna cewa ana iya sakin ɗaya daga cikin birkin nan, wanda ake kira CTLA-4. Wani ɗan Japan, Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto, ya gano na biyu, PD-1, a 1992. Su biyun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018. Daga aikinsu aka samu ipilimumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Ta ƙarin ruwa ake ba da su, kuma ba su taɓa dajin da kansu. Aikinsu kawai su ɗage ƙafar da ke kan birki.

Mutumin da ya sa duniya ta san maganin nan ba baƙonmu ba ne. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda cibiyarsa ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Janar Yakubu Gowon har aka kawar da kurkunu daga ƙauyukanmu, ya fito a watan Agusta na 2015 ya ce an same shi da melanoma a hanta da ƙwaƙwalwa. Yana da shekara 90 a lokacin. Aka yi masa tiyata, aka yi masa gashi, aka sa masa pembrolizumab. Kafin shekarar ta ƙare ya ce hoton ƙwaƙwalwarsa bai nuna komai ba. Sai a Disamba 2024 ya rasu, yana da shekara 100.

Mutum ɗaya ba hujja ba ne, balle mai hali irin nasa. Hujjar tana cikin wani babban gwaji da aka yi wa mutum 945 masu melanomar da ta yi nisa, aka bi su shekara goma, aka fitar da sakamako a 2024. Cikin waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab, 43 cikin 100 suna raye bayan shekara goma. Waɗanda aka ba nivolumab kaɗai, 37 cikin 100. Wanda ya taɓa tsayawa a gefen gadon mai irin wannan ciwo ya san girman wannan magana. Amma a juya lissafin: fiye da rabi sun rasu duk da maganin. Kuma cikin waɗanda aka haɗa wa magungunan biyu, fiye da rabi sun gamu da illa mai tsanani, domin sojojin da aka saki ba kullum suke bambance ƙari da lafiyayyen nama ba. Su kan far wa hanji mutum ya yi ta zawo har ya galabaita, su kan taɓa hanta da huhu, su kan lalata halittar da ke gaban wuya wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, wani ma su bar shi da ciwon suga na har abada. Idan haka ta faru, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki ake komawa ba shi. A ƙasa irin tamu da tarin fuka da ciwon hanta suka yi katutu, wannan kaɗai abin tsayawa a yi tunani ne.

A nan nake so masu karatu su lura da kyau. Tun da labarin nan ya fara yawo, masu tallan magani da lasifika a tashar Kawo da bakin kasuwanni, da 'yan'uwansu na Facebook masu sa farar riga, sun sami sabuwar waƙa: "mai ƙarfafa garkuwar jiki, mai kashe daji." Garin zogale ne, da habbatus sauda, da wasu ƙwayoyi a roba mai sheƙi. Ba ni da rigima da zogale, ina cin kwaɗonsa. Amma abin da ke cikin robar nan ba shi da ko dangantakar nesa da maganin da aka ba Carter. Na gaskiyar ba a sayar da shi a bayan mota, kuma ba a shan sa a gida, domin kafin kowane ƙarin ruwa sai an ɗibi jini an duba hanta da ƙoda da sauransu.

Ga waɗanda magungunan can ba su yi wa aiki ba, akwai hanyoyin da ake kan gwadawa. Wadda ta fi burge ni ita ce ta noman sojojin jiki. Likita zai yanko wani ɓangare na ƙarin, a kai ɗakin gwaji, a tsamo sojojin da suka riga suka kutsa cikinsa, tunda su ne suka san fuskar abokin gaba. Sai a yi kiwonsu wajen mako uku har su kai biliyoyi. Kafin a mayar da su, sai an ba majiyyaci kemo mai ƙarfi ya share tsofaffin sojojinsa don sababbin su sami wuri, bayan an mayar kuma a bi su da wani sinadari mai zaburar da su. A waɗannan kwanaki na jinyar mutum yana kusa da mutuwa kamar yadda yake kusa da warkewa, shi ya sa ba a yi sai a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman. Wani likita, Steven Rosenberg, tun shekarun 1980 yake fama da wannan dabara a cibiyar binciken daji ta Amurka, sai a Fabrairu 2024 aka ba irinta ta farko, lifileucel, izini. Wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada wa ne ƙarinsu ya ragu. Kuɗinsa a 2024 dala 515,000 ne, ban da kuɗin kwanciya.

Akwai kuma allurar da ake haɗa wa mutum shi kaɗai, da fasahar mRNA da muka ji sunanta lokacin korona. A karanta ƙwayoyin gadon ƙarin da aka cire masa, a zaɓi alamomi har 34 da suka bambanta shi da lafiyayyen nama, a zuba su cikin allura don sojojin jiki su haddace. Kamfanonin Moderna da Merck sun gwada ta a kan mutum 157 da aka riga aka yi wa tiyata, suka ce haɗa ta da pembrolizumab ya rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 idan aka kwatanta da pembrolizumab kaɗai. Mutum 157 ba su da yawa, shi ya sa aka fara gwaji mafi girma a 2023. Har bahaya aka gwada, Malam Edita, in ba ka raina ba: a Amurka da Isra'ila an ɗauki ƙwayoyin bakteriyar da ke hanjin wanda magani ya yi wa aiki aka dasa wa wanda bai yi wa ba, wasu ƙalilan cikinsu kuma suka fara jin magani. Mutum goma ne a wuri ɗaya, goma sha biyar a ɗayan. Bincike ne da ke rarrafe.

To, ga inda aka datse labarin. Melanomar Bature yawanci rana ce ke jawo ta, a baya ko kafaɗa ko fuska take fitowa. Tamu ba haka take ba. A wurin baƙar fata cutar ba ta da yawa, amma in ta zo, a tafin ƙafa ta fi fitowa, ko dunduniya, ko tsakanin yatsu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da ba ruwansu da rana. Irinta ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley: a 1977 aka gano ta ƙarƙashin farcen babban yatsansa na ƙafa, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Bambancin bai tsaya ga wurin fitowa ba. Dajin da rana ta haifar cike yake da sauye-sauyen halitta, saboda haka da an saki birki sojojin jiki suke gane shi. Na tafin ƙafa ba shi da alamomin nan da yawa, ya fi iya sajewa, kuma binciken da aka yi ya nuna bai kai wancan jin magungunan ba. Manyan gwaje-gwajen da na ambata kuwa, a Turai da Amurka da Ostireliya aka fi yin su, kusan duk waɗanda suka shiga farar fata ne. Alƙalumman da ke faranta mana rai a waya, a jikin wasu aka same su, kuma yawanci a kan wani nau'in cutar daban.

Bari in ba da misali da abin da idona ya gani. Wani tela a unguwarmu ya kira ni in wanke wa mahaifinsa ƙafa, dattijo manomi da aka kawo daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Igabi. Baƙin tabo ne ya fito masa a gefen dunduniya shekaru da suka wuce. Ba ya ciwo, ba ya hana shi huɗa, sai aka ce ƙaya ce ta karye a ciki. Da ya fara faɗi aka kai shi wurin wanzami ya tsaga, bai sami ƙaya ba. Da wurin ya ƙi rufewa aka ce ai taka wani abu ya yi, jifa ne. Aka yi rubutu, aka yi turare, wani mai kemis kuma ya ce a riƙa buɗe kafso ana barbaɗa garin a kai. Ranar da na kwance tsumman, tsiro ne baƙi ƙirin ya kai girman lemon tsami, yana tsiyayar jini da ruwa, warinsa ya cika ɗakin. Abin da ya fi kashe mini jiki ba shi ba ne. Ƙananan ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe da suka jeru a ƙwaurinsa suna hawa sama, da kaluluwa a matsematsi, mai tauri, wadda na danna bai ce wash ba. Kaluluwar gyambo tana da zafi. Wadda ba ta da zafi ita ce abar tsoro. Na ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin wanki, Shika za a tafi." Ya ce, "To ɗana, amma dai ba za su yanke ba ko?"

Sun je asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, an yanki nama an auna, aka ɗauki hoto, aka ce ta riga ta kai huhu. Bayan haka telan ya same ni a ƙofar masallaci da sunan magani a rubuce a bayan takardar awon wani kwastoma. Ya ce ya gani a waya, kuma wani ya ce zai iya sa a kawo daga Indiya. Tambayarsa ɗaya ce: idan aka sayar da gonar fadama da kekunan ɗinkinsa biyu, zai isa? Na ce ya koma ya nuna wa likitan da ke duba baban, shi ne mai hurumin magana, amma na yi masa lissafi a tsaye. A Amurka ƙarin ruwa ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000, ana yin sa duk bayan mako uku, kuma akan kai shekara biyu ana yi. Ko da a ce dala naira dubu ɗaya ce, alhali ta wuce haka, naira miliyan 10 ke nan a zama ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna naira 72,000 ne, wato ma'aikaci zai haura shekara 11 bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin zama ɗaya. A wasu ƙasashe farashin bai kai haka ba, amma ko an raba shi gida huɗu gonar fadama ba za ta kai ko'ina ba. Ba su sayar ba. Dattijon ya rasu kafin a yanke dawa, Allah ya jiƙansa. Da tun tabon yana kamar ƙwayar wake aka yanke shi aka auna, aikin da bai wuce na yini ɗaya ba ne.

Ba ina cewa mu haƙura da sabon magani mu bar wa masu kuɗi ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata ƙasashe su tanada don melanomar da ta bazu. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda asibitin koyarwa na Shika yana cikin shida na farko da aka fara shi da su, da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya fara. Na fahimci dalili, su suka fi yawa. Amma mai dajin dunduniya shi ma ɗan ƙasa ne. Ana kuma sa ran haƙƙin mallakar da kamfanin ke riƙe da shi a kan pembrolizumab zai fara ƙarewa a 2028, lokacin da wasu kamfanoni za su iya yin kwatankwacinsa da araha. Wanda bai fara ciniki tun yanzu ba, a bayan layi zai tsaya.

Abin da na fi so a yi magana a kai shi ne gwajin kansa. Mutanen Sin sun lura cewa su ma melanomarsu ta tafin ƙafa da ta cikin jiki ta fi yawa, ba su zauna jiran Turawa ba. Suka yi nasu maganin sakin birki, toripalimab, suka gwada a kan majiyyatansu, suka ba shi izini a ƙarshen 2018. Mu ba mu kai ga ƙera magani irin wannan ba, amma muna da majiyyata, muna da likitocin daji da masu auna nama, muna da cibiyar binciken daji ta ƙasa, NICRAT, a Abuja. Muddin ba a gwada magungunan nan a kan irin ciwonmu a asibitocinmu ba, da ƙiyasi likita zai riƙa ba ɗan Igabi shawarar ya sayar da gona ko kada ya sayar.

Na san abin da kalmar gwaji ke tayarwa a zukatan mutanen Arewa, kuma ban ga laifinsu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To amma gudun bai hana a gwada mana magani ba, masu lasifika kullum gwaji suke yi a jikinmu, babu takarda, babu mai bin sawu, kuma mu muke biya. Gwajin gaskiya yana da alamomi da kowa zai iya riƙewa: NAFDAC ta ba shi izini, kwamitin ɗa'a na asibiti ya duba shi, an karanta wa majiyyaci takardar yarda da harshen da yake ji, an gaya masa illolin kafin amfanin, yana da ikon janyewa ran da ya ga dama ba tare da an daina kula da shi ba, kuma ba a karɓar kuɗin maganin da ake gwadawa daga hannunsa. Duk wanda ya ce maka maganinsa sabo ne, ana kan gwada shi a waje, amma ka fara turo miliyan biyu, ka tashi ka ba shi wuri.

Kafin wannan duka ya tabbata, akwai abin da ba ya cin kobo. Sau biyar muke wanke ƙafa a yini, amma mu nawa ne muke juya ta mu kalli ƙarƙashinta? Tsofaffinmu da ido ya yi rauni, baya ya ƙi lanƙwasuwa, sai jika ya duba musu. Ba kowane baƙin tabo ne daji ba, yawancinmu muna da tawadar Allah a tafin ƙafa tun haihuwa kuma ba ta komai. Wanda za a kai wa likita shi ne sabon tabo a jikin babba, ko tsoho da ya fara faɗi, gefensa ya zama ba daidai ba, launinsa ya gauraya, ko ya fara jini. Haka baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi har ya haura kan fatar gindin farcen. Haka gyambon ƙafa da ya yi watanni ana wanki bai rufe ba, ko da mai shi yana da ciwon suga. Ga abokan aikina na ƙananan asibitoci da masu kemis kuma: don Allah in an yanke irin wannan tsiro kada a jefa shi a kwandon shara a ɗinke a ce an gama. A sa shi a kwalba da ruwan adana nama, a aika ɗakin gwaji. Kaurin ƙarin da milimita ake auna shi, kuma tsakanin wanda bai kai milimita 1 ba da wanda ya haura 4 akwai rai.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku tura wakilinku na fannin lafiya Shika da asibitin koyarwa na Barau Dikko da ofishin NICRAT, ya tambayo mana masu melanoma nawa suke gani a shekara, a wane mataki suke zuwa, mako nawa sakamakon awon nama ke ɗauka kafin ya fito, nawa ake biya, kuma ko akwai wani gwaji na magungunan garkuwar jiki da ake shirin kawowa Arewa. Ku buga amsar da Hausa, da hoton yadda tabon yake a baƙar fata, domin hotunan da ke intanet kusan duka na jikin Turawa ne.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Tudun Wada, Kaduna.